Tara da Minti Goma, Agogon Ina?

Tun da na dawo daga Kumasi ban samu sakat ba. A asibitinmu na Baure, da an ga na zauna gaban kwamfuta sai a jawo kujera: "Dije, yaya Gana? Wai da gaske ne mace ma 'kai' ake ce mata? Ina tsarabarmu?" In na je Daura kuma maƙwabtan Inna su ɗora daga inda waɗancan suka tsaya. Na ba da labarin nan har muryata ta dushe, kuma duk wanda na ba shi sai ya ƙara nasa gishirin kafin ya kai gaba. Shekaranjiya wata ta tare ni tana yi mini jaje, wai ta ji an tsare mu a boda kwana uku. To ga shi a rubuce, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya. Tsaraba kuwa ta ƙare tun a Kano.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Mahaifinmu, Malam, Allah ya jiƙansa, ya rubuta Alƙur'ani guda da hannunsa, shekara huɗu yana abu ɗaya, ya sa aka ɗinka masa gafaka ta jar fata. Mu uku ya haifa: Yaya Habu, sai ni, sai autanmu Sani. Lokacin da ciwonsa ya yi tsanani jikokinsa bakwai ne, duk mata, sai ya yi wasiyya a gaban Inna da ƙanenta Kawu Sale cewa Alƙur'anin na jikansa namiji na farko ne. Na so in yi magana, don babbar 'yata izu ashirin gare ta a ka, amma na dubi yadda yake numfashi na haɗiye.

Yaya Habu shekararsa goma sha ɗaya a Kumasi. Malam ya so ya zauna a zaure ya gaje shi karantarwa, shi kuwa ya ce kasuwa ce a ransa, ya bi 'yan albasa ya tafi, ya yi aure can. Sani ne ya zauna. Shi ya riƙa dafa wa Malam tawada, shi ya yi jinyarsa wata takwas, shi ya sa shi a kabari. Yaya Habu bai iso ba sai ranar sadakar uku. Tun daga ranar Sani bai ƙara ɗaukar wayarsa ba, gaisuwa ma sai ta bakin Inna. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, bayan Sani nake.

Sai Allah ya yi ikonsa, matansu biyu suka sauka rana ɗaya, wata Talata da hantsi, kuma duk maza. Matar Sani a Daura ta haihu, ina tsaye a kanta, da idona na duba agogo: tara da minti arba'in. Wajen sha ɗaya, muna tsakiyar murna, wayar Inna ta yi ƙara. Yaya Habu ne, ya ce matarsa Maimuna ta sauka lafiya, namiji, ƙarfe tara da minti goma.

Inna ta ajiye waya ta ce, "To, na Habu ne babba. Minti talatin ya ba ɗan'uwansa."

Na ce, "Inna, tsaya mana. Agogon Gana yana bayan namu da awa guda. Tara da minti gomansu, goma da minti gomanmu ke nan. Na Sani ne babba."

"Yo rana biyu Allah ya yi?"

"Haba Inna, ba kya ji a rediyo ana cewa ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, ƙarfe kaza agogon GMT da Gana?"

"Wannan surutun 'yan rediyo ne. Shekara goma sha ɗaya Habu na kirana, bai taɓa ce mini lokacinsu daban yake ba."

Na ce ai gaisuwa kuke yi, ba lissafi ba. Aikina ne fa! Ni ke shigar da haihuwa a kwamfuta a asibitinmu, suna da rana da lokaci, shekara tara ke nan. Na kira Yaya Habu na ce ya ɗauki hoton katin asibiti ya turo, kowa ya huta. Sai ya ce, "Dije, ni kike nema wa shaida?" Ya kashe wayarsa. Aka yi suna nan da can, duka yaran aka sa musu sunan Malam, gafaka kuwa tana rataye a ɗakin Inna, kowa ya shigo sai ya kawar da kai.

Da aka yi arba'in Inna ta kira ni. Ta ce, "Babu wanda ya je wa Habu barka daga gidan nan, abin kunya ne. Ki gaya wa maigidanki, ki nemi hutu, ku tafi ke da Kawunki. Ki ɗauki gafakar. In ke ce da gaskiya ki dawo da ita, in ni ce ki baro ta can." Sani ya raka mu tasha, ya ja ni gefe ya ce, "Yaya Dije, kin san ba don takarda ba ne. Kowane shafi a gabana aka rubuta shi." Na ce ya kwantar da hankalinsa, yadda na fita da ita haka zan shigo da ita. Ranar na cika baki ba kaɗan ba.

Kawu Sale mutumin garin Babban Mutum ne, dillalin shanu, ya yi shekaru yana raka tirela zuwa Legas amma bai taɓa wuce ta ba. Abu biyu ba ya rabuwa da su, ƙaramar rediyo da agogon hannu mai sarƙa. A tafiyar nan ya ƙara na uku, don shi ya karɓi gafakar, ya naɗe ta da sabon rawani, ya sa a jaka, ya ɗora jakar a cinya. A Kano kwandastan babbar mota ya ce a kawo jakar a sa a but. Kawu ya ce sai dai a sa shi a but ɗin tare da ita. Haka ya riƙe ta har Legas, ko gyangyaɗi yake hannunsa na kai.

Legas kuwa da ma akwai jiƙaƙƙa tsakanina da ita tun ban gan ta ba. Duk jaririn da na shigar a kwamfuta, a gefen lokacin haihuwarsa sai manhajar ta rubuta "Afirka, Legas". Yaro an haife shi a Baure, ga Nijar nan kusa da hancinsa, amma wai lokacinsa na Legas ne. Ko Abuja aka sa ai da sauƙi. Da na ga yadda mutanen garin ke gudu, mai kwat na tsere da mai tallan burodi su kama motar da ko tsayawa ba ta yi, sai na ce wa Kawu a bar musu agogon, su ke da buƙatarsa. Mun sauka a Agege, gidan wani tsohon mai masaukin Kawu. Matarsa ta kawo mana amala baƙa wuluk da miya mai yauƙi. Na ɗauka tuwo ne ya ƙone mata, na fara ci don kara, na ƙare ina leƙen kwano ko akwai saura.

Da safe muka shiga motar Lome. Wadda ke kusa da ni wata mata ce sa'ata, da farin gilashi da kwamfuta a cinya. Ta dube ni ta ce, "Sannu Hajiya, kai daga ina ka fito?" Na waiga in ga namijin da take wa magana. Ashe ni ce. Sunanta Rukayya, haifaffiyar zangon Akara, kakanta Bakatsine, kuma a Hausarsu babu ruwansu da "ke" ko "ta", kowa "kai" ne. Har muka rabu ban saba ba, amma zan faɗi maganganunta da Hausarmu don kada kanku ya juye. Aikinta rubuta wa kamfanonin motocin haya manhaja, wani taro ta zo Legas za ta koma gida.

A bodar Seme aka duba fasfo da katin rigakafin shawara, aka buga hatimi, sai wani jami'i ya nuna jakar Kawu ya ce a buɗe. Kawu ya ce a tambaye shi ko yana da alwala. Ni na ƙi fassarawa, Rukayya kuwa ta fassara tsaf. Na ce shi ke nan, yau a nan za mu kwana. Mutumin ya yi dariya, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce Baba ya buɗe da kansa. Kawu ya warware rawani, ya kwance gafaka, ya ɗaga shafi ɗaya. Jami'in ya sunkuya ya daɗe yana kallon baƙin rubutun da jan wasali, ya kira abokin aikinsa shi ma ya gani, sannan ya ce mu wuce. Minti goma ne duka-duka, su ne a Baure suka zama kwana uku.

A Kwatano ta ƙasar Benin 'yan acaba duk riga ɗaya suke sawa, rawaya, kamar 'yan firamare. Mata kuma da zaninsu suke tuƙa nasu babur ɗin, wata har da goyo, babu mai kallonsu sai ni baƙauya. Mun tsaya shan shayi aka kawo burodi dogo mai tauri. Kawu ya juya shi, ya ƙwanƙwasa a tebur, ya ce wannan ka ci rabi ka kora shanu da rabi.

A iyakar Benin da Togo ne agogo ke komawa baya, kuma a nan wayata ta haukace. Muna layin buga fasfo na duba, uku da kwata. Na matsa gaba taku goma, biyu da kwata. Na koma mota ɗauko ruwa, uku da minti ashirin. Rukayya ta ce sabis ɗin ƙasashen biyu ne ke fizgar wayar, kowanne na gaya mata nasa. Na nuna wa Kawu baki har kunne, na ce ga shaida tun ba mu isa ba. Ya duba nasa agogon ya ce uku da minti ashirin ce, wayata ce ba ta da tarbiyya.

Da muka koma mota na kai wa Rukayya ƙarar Legas. Ta ce ai akwai wani rumbun bayanai guda na lokutan duniya, kusan duk waya da kwamfuta daga shi suke ɗiba, kuma 'yan sa-kai ne ke kula da shi. Da gangan ba sa sa sunan ƙasa, don ƙasa takan canza suna, takan rabe biyu, wata ma agogo uku ko huɗu gare ta. Babban birni kuma akan tashe shi a kai wani wuri, kamar yadda mu 'yan Najeriya muka yi da namu. Sai su nemi garin da ya fi jama'a a yankin da agogonsa ɗaya ne, su laƙaba wa yankin sunansa.

"To Daura fa?" in ji Kawu. "Garin da ya girme su duka?"

"Baba, ba girma ake dubawa ba, yawa ake dubawa. Yamai ma a can cikin rumbun da Legas aka jingina ta, tunda agogonku ɗaya. Mu Gana an jingina mu da Abijan."

Kawu ya ce to da sauƙi, tunda kowa an ci masa fuska. Sannan ya gyara zama ya yi tambayar da ashe ta fi shekara talatin tana cinsa. "'Yar nan, tunda kin san hanya, shi garin Jiyamti ɗin nan da ake faɗa a rediyo, kafin Kumasi yake ko bayanta? Kullum tare ake ambatonsa da Gana." Ashe GMT yake nufi, wallahi ni da Rukayya sai da muka yi dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce masa ba gari ba ne, agogo ne na tsakiya da aka yarda a riƙa auna sauran da shi, a ce wane yana gabansa da kaza, wane yana bayansa da kaza. Kawu ya ce, "Af, tiyar awo ce ashe." Ya gamsu, amma ya ɗan ji haushi, don ya so ya koma Babban Mutum ya ce ya taka Jiyamti da ƙafarsa.

Na tambaye ta in ita aka ba ginin irin wannan rumbu, me za ta fi kula da shi. Ta ce kada ya manta da jiya. In hukuma ta canza agogo bana, ba a goge na bara, a ajiye shi da ranar da aka canza da inda aka samo labarin, don wanda aka haifa a tsohon lokacin yana nan da ransa, takardarsa ma tana nan. Kuma ya zama mai saurin gyaruwa, don akwai gwamnatin da za ta tashi ranar Laraba ta ce daga Juma'a an ƙara awa guda. Ta ce Maroko ma in azumi ya zo sukan mayar da agogo baya, sai masu rumbun su yi kirdadon ranar da watan zai tsaya, in an saɓa su gyara. Kawu ya ce ikon Allah, ashe kwamfuta ma tana zaman jiran ganin wata.

Sai na ba ta labarin jariranmu, ina jira ta ce na burge ta. Ta ce lissafin daidai ne, amma ita a aikinta ba ta karɓar lokaci tsirara. "Duk wanda ya ba ni ƙarfe kaza sai na tambaye shi agogon ina. Ba na ɗauka cewa inda mutum yake tsaye nan agogonsa yake." Na ce baiwar Allah, mutumin nan fa shekararsa goma sha ɗaya a Kumasi. Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da danne-dannenta. Na ce a raina 'yan manhajar nan akwai son wahalar da abu mai sauƙi.

A Lome ta kai mu gidan wata Hajiya a zango mai saukar da baƙi, ɗakuna a jere, kowanne da katifa da fanka da buta. Ta ce motar Akara ƙarfe takwas za ta tashi. Da safe Hajiya ta dama koko, ana suyar ƙosai, ƙamshi ya cika gida, sai ga Kawu tsaye a ƙofa rungume da jaka.

"Dije, takwas saura kwata! Tashi!"

"Kawu, bakwai saura kwata ce a nan."

"Ni ban san wannan ba. Agogon nan bai taɓa sa na rasa mota ba."

Haka ya tasa ni gaba, ƙosai na a kasko. Muka isa tasha mai shara ma bai gama ba. Awa guda muna zaune a benci, cikina na kuka, shi kuwa yana ta cewa mutanen ƙasar nan akwai lalaci. Rukayya ta iso a tsanake da ƙosanmu a takarda, Allah ya saka mata da alheri. Na roƙi Kawu don girman Allah ya juya agogon nan. Ya ce, "A gida aka saita shi, a gida za a taɓa shi."

A Akara muka rabu da Rukayya bayan ta sa mu a motar Kumasi. Abin da ya ba ni mamaki a Gana, abincinmu ya riga mu zuwa amma ya canza kama. Shinkafa da wake ja suke yin ta, a zuba mata taliya da gari da dafaffen ƙwai da wani baƙin yaji, duk a ganye ɗaya. Koko kuwa ko wanda bai iya "sannu" ba ya san kokon Hausa. A wani ƙauye muka wuce rumfuna da kiɗa, jama'a sun sha ja da baƙi suna rawa, na ce da ƙarfi Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Wani dattijo Bahaushe a kujerar gaba ya waigo ya ce jana'iza ce, kuma mamacin ya kusa wata biyu da rasuwa, jira ake dangi su taru. Kunya ta rufe ni. Na ce a raina da a nan Malam ya rasu da Yaya Habu ya samu jana'iza. Daga nan kuma sai na tsinci kaina ina ƙirga kwanakinmu a hanya. Yau rana ta huɗu, ƙafafuna sun kumbura, ba mu isa ba tukuna. Shi a uku ya yi ta, da labarin mutuwar ubansa a ƙirji. Shekara biyu ina zaginsa a kan kwana ukun nan ban taɓa tambayar tsawon hanyar ba.

Yaya Habu ya tare mu a tashar Kumasi gab da magariba. Ya yi furfura, tafiyarsa ta koma ta Malam sak, har sai da na kawar da kai. Maimuna kuwa mace ce mai fara'a, ta rungume ni tana cewa, "Kai ne Dije? Ka sha hanya!" Ta miƙo mini jaririn, na duba, kunnuwan Malam ne ba tambaya. Na yi maza na tuna wa kaina abin da ya kawo ni.

Washegari da hantsi muka zauna a tsakar gida. Kawu ya ɗora jakar a kan matashi. Na gyara murya na yi bayani tiryan-tiryan, da awa gudan, da GMT, da yadda wayata ta yi a boda. Yaya Habu ya saurara kansa a ƙasa har na gama.

Ya ce, "Shi ke nan, Dije. Ki mayar wa Sani. Shi ya sha wahalar Malam, ni me na yi?"

Ko kati bai ambata ba, ni ma ban tambaya ba, tunda na samu abin da na zo nema. Sai dai daɗin da na zaci zan ji ya ƙi zuwa. Kawu ya ce to a shafa fatiha a tashi, yana so ya ga kasuwar shanunsu kafin azahar. Ya duba agogonsa, sannan ya kamo hannun Yaya Habu ya duba nasa, don tun Lome yake neman wanda zai goya masa baya. Sai ya washe baki.

"Alhamdu lillahi! Kin gani ko, Dije? Ga mai hankali guda a ƙasar nan. Sha ɗaya da minti biyar, daidai da nawa."

Na duba wayata. Goma da minti biyar.

Na dubi hannun Yaya Habu. Na san agogon, na Malam ne, wanda ya cire ya ba shi ranar da zai tafi duk da fushin da yake yi da shi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin in tsuke bakina. Kawu bai san abin da ya tono ba, Yaya Habu ya riga ya sallama, Sani na can na jirana. Da na miƙe na ɗauki jakar babu mai cewa uffan. Amma wasiyya ce, kuma bakin nan nawa bai iya ajiya ba ko da a kaina abin zai ƙare.

"Yaya, tara da minti goman nan da ka gaya wa Inna, agogon ina?"

Ya ja hannun riga ya rufe agogon. "Bar maganar nan, Dije."

Maimuna ce ta tashi, ta shiga ɗaki, ta fito da katin asibiti ta ɗora mini a cinya. Takwas da minti goma, da rubutun nas da hatimi. Wato tara da minti goma a Daura, minti talatin kafin ɗan Sani. Ta ce tun da ta san shi agogon nan awa guda yake gaba, ta yi magana har ta gaji. Abokan kasuwarsa ma sun saba, in ya ce ƙarfe kaza sai su cire ɗaya da kansu.

Na ce, "Yaya, don me?"

Ya shafa agogon ta saman hannun rigar. Sannan ya ce, "In na duba ya ce bakwai, na san Inna ta fito shara. In ya ce biyu, na san Malam ya rufe littafi zai miƙe ya ja salla. Har yanzu in biyu ta yi sai in ga kamar zai miƙe. In na juya shi, Dije, to na bar gida ke nan."

Na yi kuka, irin mai majina, a gaban matar wa da ban taɓa gani ba sai jiya. Kawu ya dube ni ya dube shi, ya ce wai shin me ya faru, sai da Maimuna ta yi masa lissafin da yatsu. Ya ce, "To ai maganar Yaya ce ta fito," yana nufin Inna. Ya warware rawani, ya yi bismilla, ya ɗora gafakar a kan matashi kusa da kan jaririn. Yaya Habu bai taɓa ta ba sai da ya je ya sake alwala.

Kwana biyar muka yi musu. A dawowa jakar Kawu goro ce cike da ita, har ya yarda aka sa ta a but. Da muka tsallaka Benin wayata ta yi tsalle ta koma gaba da awa guda, ban nuna wa kowa ba. Na daina jin haushin "Afirka, Legas" ɗin nan ma, don ko ba komai ya faɗi agogon da yake nufi, abin da ni da shekara tara a aiki na kasa tambaya. Sauran hanyar kuwa bitar abin da zan gaya wa Sani na yi ta yi, ban samu ko jimla ɗaya mai daɗi ba.

Mun shiga Daura bayan la'asar. Sani na zaure. Ya dubi hannun Kawu, ya dubi fuskata, ya gane. Na gaya masa duka, da katin, da agogon, da abin da Yaya Habu ya ce, ban rage komai ba.

"Minti talatin?"

"Minti talatin, Sani. Na cika maka baki, ka yafe ni."

Ya ce wasiyyar Malam ce, babu komai, amma idonsa ya kaɗa ya yi ja. Inna ba ta ce "ai na gaya miki" ba, kuma da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta dai tambayi lafiyar mai jego, ta ce a kawo mana fura.

Da aka idar da magariba Sani ya dawo daga masallaci ya shiga ɗakin Inna, ya zauna ƙarƙashin ƙusar da ake rataye gafakar. Inna na shafa addu'a wayarta ta yi ƙara, kamar yadda take yi kullum a daidai wannan lokacin. Ta duba sunan, ba ta ɗauka ba, ta miƙa wa Sani. Wayar ta yi ta ƙara a hannunsa har na ce za ta katse. Sai ya danna, ya kai kunne, ko sallama bai yi ba.

"Yaya, ƙarfe nawa a wajenku?"

Muna jiyo muryar Yaya Habu ƙasa-ƙasa, ya ce bakwai saura minti biyar. Sani ya ɗaga kai ya dubi agogon bangon Inna.

"Daidai ne," in ji shi. "Yaya mai sunan Malam yake?"